Launi Ke Yanke wa Daimon Farashi

A ranar 7 ga Oktoban 2022, a zauren gwanjon kamfanin Sotheby's da ke Hong Kong, an sallama wani dutse wanda nauyinsa bai kai na dunƙulen Maggi ɗaya ba. Giram biyu ne da 'yar ɗoriya. Mai sayen ya biya dala miliyan 57.7. A Mwadui ta ƙasar Tanzaniya aka haƙo shi, aka yanka, aka goge, aka raɗa masa suna Williamson Pink Star. Abin da ya ja masa wannan kuɗi shi ne launinsa: ruwan hoda ne rinanne, babu tabo a cikinsa.

Shekara biyar kafin nan, a watan Maris na 2017, wasu masu haƙa su biyar a ƙauyen Koryardu da ke gundumar Kono ta Saliyo sun tsinci daimon da ya ninka wancan nauyi fiye da sau sittin, karat 709, wato kusan giram 142. Ubangidansu, Fasto Emmanuel Momoh, bai tsallaka iyaka da shi a ɓoye ba, sai ya miƙa wa gwamnatin Shugaba Ernest Bai Koroma. Ƙasa ta ɗauki murna. A Freetown aka taya dala miliyan 7.8, gwamnati ta ce albarka. Da aka kai shi New York a watan Disamba, dala miliyan 6.5 ya tsaya, attajirin nan na Ingila Laurence Graff ya saya. Dutsen yana da rawaya-rawaya a jikinsa, ga kuma tabo a ciki. Idan wani ya ce ai don ɗanye ne ba a yanka ba, to ga ɗan'uwansa: a 2016 an sayar da wani ɗanyen daimon mai karat 813 daga mahaƙar Karowe ta Botswana a kan dala miliyan 63. Girmansu kusan ɗaya, amma kuɗin wannan ya kusa ninka na wancan sau goma, domin na Botswana garai-garai yake kamar ruwan da aka tace.

Mutumin Jega ta jihar Kabi ba baƙon irin wannan lissafi ba ne. Dillalin albasa a Aliero, kafin ya tambayi yawan buhuna, sai ya fara duban ɓawo: ya yi ja ya bushe yana sheƙi, ko kuwa ya koɗe? Daga nan yake gane wadda za ta jure hanya har Legas ko Kwatano da wadda za ta ruɓe a mota. Haka mai goro ke ware fari daga ja, domin ya san wanda ake kai wa manya gaisuwa. Tun ƙarni na 19, lokacin da Jega ke cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, fataken Gwanja na yada zango a nan da jakunansu, idon ɗan kasuwa ya saba auna kaya da launi. Bambancin kawai, a kasuwar daimon ɗan canjin da ido ba ya ko iya kamawa yana iya zama kuɗin gida.

Wani abu game da sunan. A rediyo an fi cewa lu'ulu'u, amma a Larabci inda aka aro kalmar, lu'ulu'u shi ne ƙwallon da ake cirowa daga cikin kifin kwanso a teku. Masu harkar dutsen da ake haƙowa a ƙasa daimon suke cewa.

Daga ina launin yake zuwa?

Daimon da gawayi asalinsu ɗaya, sinadarin kabon. Zafi da matsi a can ƙarƙashin ƙasa, zurfin kilomita 150 zuwa 200, su suka jera ƙwayoyinsa suka ƙulle su har ya zama abin da ya fi kowane dutse tauri. Idan kabon ne zalla, haske na ratsa shi ya fita yadda ya shiga, ba launi ko kaɗan. Irin wannan kuwa ba ya wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari. Mafi girman daimon na ado da aka taɓa samu, Cullinan, mai karat 3,106 da aka tono a Afirka ta Kudu a 1905, irinsa ne.

Sauran duk sun sha gauraye. Baƙon da ya fi yawan kutsawa cikin daimon shi ne naitirojin, sinadarin da manomin shinkafa a Maiyama ke biyan kuɗi don ya samu cikin buhun takin Yuriya. A gona shi ke sa ganye ya yi kore shar. A cikin daimon kuwa yana shanye ɓangaren shuɗi na haske, sai ido ya ga rawaya. Yawansa da yadda ya zauna a cikin dutsen su ke nuna ko rawayar za ta zama 'yar inuwa ce ko kuwa ruwan ɗorawa sosai.

Shuɗi aikin wani sinadari ne daban, boron, kuma ɗan mitsitsi ya isa: ƙwaya ɗaya cikin ƙwayoyin kabon miliyan tana iya rina dutse. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2018 ya nuna cewa shuɗin daimon yana fitowa ne daga zurfin da ya kai kilomita 660 ko fiye, nesa ƙwarai da inda yawancin daimon ke samuwa. Ɗalibin kimiyya a jami'ar Aliero zai so jin wannan: daimon ba ya wuce da wutar lantarki, amma shuɗin yana wucewa da ita, saboda boron ɗin. Mafi shahara a cikinsu shi ne Hope, karat 45.52, wanda asalinsa wani ɗan kasuwar Faransa, Jean-Baptiste Tavernier, ya samo a Indiya ya sayar wa Sarki Louis na 14 a 1668. Tun 1958 yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Idan aka haska masa fitilar nan mai shuɗin haske irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita a banki, aka kashe, sai ya ci gaba da yin ja kamar garwashi na ɗan lokaci.

Kore kuma tururin ma'adinai irin su yuraniyom ne ke dafa dutsen tsawon miliyoyin shekaru. Galibi a fata yake tsayawa, da an goge sai ya tafi, shi ya sa wanda korensa ya ratsa har ciki yake da wuyar samu. Dresden Green na Jamus, mai karat 41, shi ne sarkinsu. A Nuwamban 2019 ɓarayi suka fasa taskar da ake ajiye shi suka kwashe kayan ado masu yawa, aka yi sa'a a lokacin an ba da aronsa ga wani gidan tarihi a New York.

Ruwan hoda da ja da ruwan ƙasa sun fi ban mamaki, domin babu wani baƙon sinadari da ya rina su. Rauni ne. Matsi ya murɗa jeren ƙwayoyin dutsen ya gurɗe, sai gurɗewar ta canja yadda yake shan haske. Jan daimon na gaske shi ya fi kowanne ƙaranci a duniya. Mafi girma da aka sani, Moussaieff Red, karat 5.11 ne kacal, giram ɗaya ke nan. A 1987 aka sayar da wani ja da bai ma cika karat ɗaya ba a kan dala dubu 880.

Daga D zuwa Z

Kafin tsakiyar ƙarni na 20, kowane dillali da mudunsa. Wannan ya ce nasa lamba A ne, wancan ya ce nasa AA, wani ya kira nasa da sunan kogi ko mahaƙa. A 1953 Cibiyar Nazarin Duwatsu Masu Daraja ta Amurka, wadda aka fi sani da GIA, ƙarƙashin Richard Liddicoat, ta fito da mudu guda. Ta fara daga harafin D don kada a rikita shi da tsofaffin A da B da C, ta gangara har Z, mataki 23. D da E da F su ne marasa launi. Daga G zuwa J akwai 'yar inuwa wadda sai ƙwararre ke gani. Daga K rawayar ta fara leƙowa, kafin a kai Z kowa ma zai gane ta.

Ba a tsaye a rana ake yanke wannan hukunci ba. Ana kifa dutsen a kan farar takarda, tsininsa na kallon sama, don kada ƙyallinsa ya ruɗi ido. Ana kunna fitila mai haske irin na rana, a jera shi kusa da wasu duwatsun gwaji da aka riga aka san matakin kowanne. Mutum fiye da ɗaya ke dubawa, kowa shi kaɗai, sannan a haɗa ra'ayi. Tsakanin D da E, ko uwar da ta haifi mai shagon ba za ta iya rarrabewa da ido ba idan an riga an ɗora dutsen a zobe. Amma a takardar farashin da kamfanin Rapaport ke fitarwa tun 1978, wadda dillalan Antwerp da Dubai da Mumbai ke ciniki a kanta, kowane harafi da kuɗinsa. Dutse mai karat ɗaya a matakin D yakan ninka ɗan'uwansa na matakin K kuɗi, ko ma fiye, alhali girmansu da tsabtarsu da yankansu duk ɗaya.

Sai dai da an wuce Z, lissafi ya juye. Mai rini zai fi kowa saurin fahimta. Farar riga da baba ya ɗan taɓa ta lalace, ba fara ba ce ba shuɗiya ba, sai a karya mata kuɗi. Amma ƙyallen da aka yi ta tsomawa a karofi har ya rinu, aka buga shi ya yi sheƙi, ya zama rawani ɗan Kura, na sarakuna. Haka daimon yake. Rawaya kaɗan aibi ce, rawaya sosai daraja ce. Duk dutsen da launinsa ya ƙetare Z, ko ya zo da wani launi daban, ya shiga ajin da 'yan kasuwa ke kira fansi, kuma ana ƙiyasta cewa cikin daimon dubu goma, ɗaya ne ke shiga wannan aji. A nan ma akwai matakai, daga mai haske-haske zuwa wanda ya rinu ya cika ido. Pink Star (wani dutse ne daban da na Williamson) mai karat 59.60 da aka sayar dala miliyan 71.2 a Afrilun 2017, da Oppenheimer Blue mai karat 14.62 da ya kai dala miliyan 57.5 a Geneva a 2016, duk suna kan matakin ƙoli. Saliyo ma tana da nata abin alfahari a nan: yankin Zimmi da ke kusa da iyakar Laberiya ya yi suna da daimon ruwan ɗorawa mai ƙarfin launi, har dillalai kan kira sunan garin a matsayin shaidar inganci. Dutsen Koryardu ya faɗa tsakiya ne, bai yi fari ba, bai kuma rinu ba.

Ba Allah-ya-yi kaɗai ke yanke farashi ba, akwai hannun 'yan talla. Ruwan ƙasa shi ne launin da ya fi yawa, kuma shekaru da dama masana'antu ake tura shi, a yi bakin injin huda dutse da faifan yanka da shi. Da aka buɗe mahaƙar Argyle a Ostireliya cikin shekarun 1980, aka ga mafi yawan abin da take fitarwa ruwan ƙasa ne, sai masu ita suka laƙaba masa sunayen abubuwan sha na masu kuɗin Turai, suka zuba kuɗi a talla har ya samu shiga shagunan ado. Ita dai wannan mahaƙar ita ta riƙa ba duniya fiye da kashi 90 cikin 100 na daimon ruwan hoda. A Nuwamban 2020 aka rufe ta, abin da ya rage a hannun mutane kuma ya ƙara tsada.

Zangon Akwatiya da tsaunin Mambila

Hausawa sun taɓa wannan kasuwa da hannunsu. Hanyar goron da ta bi ta Jega zuwa Salaga ita ta haifar da zangunan Hausawa a Gana, kuma da aka gano daimon a kwarin kogin Birim a 1919, kamfanin Turawa na CAST ya kafa aiki a Akwatiya cikin shekarun 1920, sai garin ya cika da baƙi masu neman arziki, ya yi zangonsa inda Hausa ce harshen ciniki. 'Yan Nijeriya da yawa sun ci abinci a ramukan wannan yanki har zuwa Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Daimon ɗin Akwatiya ƙanana ne ƙwarai, yawancinsu na masana'antu, shi ya sa Gana ta daɗe tana cikin masu fitar da karat da yawa amma kuɗin da take samu bai kai na ƙasashen da duwatsunsu suka fi girma da haske ba.

A irin waɗannan wurare ne ake ganin inda ribar launi ke tafiya. Ɗanyen daimon ba ya ƙyalli kamar na zobe, kama yake da ɓarin kwalba ko ƙanƙarar alif, wani lokaci da fata mai duhu a bayansa. Mai haƙa ya yini cikin laka, ya wanke tsakuwa, ya samu dutse, amma ba shi da fitila, ba shi da duwatsun gwaji, bai taɓa ganin takardar farashi ba. Mai saye yana da su duka. Idan ya ce dutsen ya yi rawaya, an karya kuɗi, mai haƙa ba shi da bakin musu, ko da rawayar irin ta Zimmi ce. Wannan shi ne kaza ta kwana kan dami, kuma ba ƙaramar asara ba ce ga ƙauyukan da ƙasarsu ke fitar da dukiyar.

Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da aka sani da haƙar daimon, amma dokar launi tana aiki a kan duwatsun da take da su. A tsaunin Mambila na jihar Taraba ana tono shuɗin yakutu, wanda ƙarfe da sinadarin titaniyom suka ba shi launi. A 2001 aka gano a jihar Oyo wani nau'in dutsen tomalin mai shuɗi-kore kamar an kunna masa wuta a ciki, irin wanda a da sai a Brazil ake samu. Ɗan jan ƙarfen da ke cikinsa shi ya raba shi da sauran tomalin, ya kuma sa kuɗinsa ya ninka nasu sau da yawa. Da yawa daga cikin waɗannan duwatsu ɗanyu suke barin ƙasar zuwa Bangkok, a can ake yanka su, a gasa wasu a wuta don launi ya fito, a can kuma ake sanin ainihin kuɗinsu. Matashin Kabi da ya saba da haƙar zinariya a ƙasar Yawuri, idan ya koma harkar duwatsu, ya shiga wata kasuwa ce dabam.

Karat biyu, ma'ana biyu

Bambancin gwal da daimon ya fara daga kalmar karat kanta. Hajiyar da ke haɗa lefe ta san karat: 18 da 21 da 22. Wannan ma'aunin tsabtar gwal ne, 24 shi ne zalla, 18 kuma kashi uku cikin huɗu. Karat na daimon nauyi ne, biyar ke yin giram ɗaya. Gwal farashinsa a bayyane yake, a ɗora a sikeli a buga lissafi, shi ya sa mata ke mai da shi asusu, ranar buƙata a kai kasuwa a dawo da kuɗi. Daimon ba shi da wannan sauƙin. Duwatsu biyu masu nauyi ɗaya ba su zama kuɗi ɗaya, kuma wanda ya saya a shago ya koma sayarwa da wuya ya mai da uwar kuɗinsa. Duk wadda ta taɓa kai sarƙa mai duwatsu wurin mai gwal ta ga yadda ake cire nauyin duwatsun kafin a yi mata lissafi.

Akwai kuma abin da ya dace mai saye daga ƙasar Hausa ya lura da shi. Matan Hausawa gwal mai ruwan ɗorawa suka fi so, irin na Saudiyya da Dubai. Daimon kuwa yana ɗaukar launin ƙarfen da ya riƙe shi. Dutsen matakin D da aka ɗora a kan gwal 21 zai yi 'yar rawaya ko an ƙi ko an so, don haka kuɗin da aka ƙara don farinsa ya tafi a banza. Na matakin J ko K a kan irin wannan gwal fes yake fitowa. Sai a kan farin gwal ko filatinom ne bambancin ke nuna kansa.

Yanzu ma an kai inda ɗan'adam ke sarrafa launin da kansa. Tun 1954 kamfanin General Electric ya ƙera daimon a ɗakin gwaji. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara mayar da wasu masu ruwan ƙasa farare ta hanyar sake dafa su da zafi da matsi, ana kuma iya harba wa dutse tururi ya koma kore ko shuɗi. A 2018 kamfanin De Beers da kansa ya fara sayar da daimon ɗin ɗakin gwaji, fari da ruwan hoda da shuɗi duk kuɗi ɗaya, dala 800 kowane karat. Ruwan hodar da ta kai dala miliyan biyar a karat idan daga ƙasa ta fito, ga ta a kuɗin babur. Tun daga lokacin farashin na ɗakin gwajin sai ƙara faɗuwa yake yi. Ban da su ga masu kwaikwayo irin su zirkoniya da moisanait, waɗanda suka cika shagunan kayan ado, ba daimon ba ne ko kaɗan. Kama da wane ba ta wane.

Ido ba ya raba daimon ɗin ɗakin gwaji da na ƙasa, ko na wanda ya tsufa a sana'ar, sai na'ura. Shi ya sa a manyan kasuwanni dutse mai tsada ba ya tafiya sai da takardarsa daga ɗakin gwaji mai zaman kansa, wadda ke faɗin nauyinsa, matakin launinsa, tsabtarsa, yankansa, da ko daga ƙasa ya fito, da ko an taɓa launinsa da wuta ko tururi. Alhajin da ya shiga kasuwar gwal ta Deira a Dubai ko shagunan Jidda da niyyar sayo wa iyali zoben daimon yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa ita. Lambar takardar galibi tana rubuce da hasken lesa a kan ƙugun dutsen, siririn layin da ya raba samansa da ƙasansa. Da tabarau mai ƙara girma sau goma, wanda kowane mai shago ke da shi a aljihu, ana iya karanta ta a gwada da wadda ke kan takarda.